Farar Rigar Dogo

Duk wanda aka yi wa baftisma a cocin nan, farar rigarsa daga hannun Mama Tela ta fito. Shagonta na bayan cocin, ɗaki ɗaya mai ƙaramar taga, keken ɗinki a bakin ƙofa saboda haske, ƙyallaye zube a ƙasa. Tun tana amarya ta ɗauki aikin nan don Ubangiji, kuma ko bayan da mota ta take autanta a bakin makaranta ya rasu, ba ta ajiye ba. Mijinta ne ya ajiye komai. Ya bar zuwa sujada, ya rufe shagon kafinta, ya koma zaman tsakar gida. In an gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu.

Shekaru suka shuɗe, aka kawo sabon fasto, matashi mai fara'a wanda bai san tarihin kowa ba. Da lokacin baftisma ya matso, ya riƙa turo mata masu shiri don ta auna su. Wata rana da hantsi wani mutum ya sunkuyar da kai ya shigo shagon.

"Sannu da aiki, Mama. Fasto ne ya ce in zo a auna ni. Sai dai ki yi haƙuri, yadin mutum biyu zan ci. Dogo ake ce mini, kin ga sunan bai yi ƙarya ba."

Tun kafin ta ɗago kai ta gane muryar. Ita ce muryar da ta ji a kotu tana rantsuwa cewa birki ne ya ƙi, alhali kowa ya shaida direban motar da ta take ɗanta a buge yake. Ya rame, furfura ta fito masa, amma shi ne. Shi kuwa bai gane ta ba, don a kotu bai taɓa waiwayowa ya dubi bencin baya ba.

Ta ɗauki tef, ta hau 'yar kujera don ta kai kafaɗarsa. Shi kuma baki ya ƙi mutuwa.

"A gidan yari na sadu da Yesu, Mama. Na yi babban laifi a rayuwa, amma an wanke ni tas. Da can ba na iya runtsawa, yanzu barci nake har da minshari."

Ta zagaya tef ɗin a wuyansa, ta tsaya.

"Yaron da ka take, mene ne sunansa?"

Ya waiwayo ya dube ta. "Mama, wa ya gaya miki?"

"Tambayarka na yi."

"An faɗa a kotu. Lokacin kaina ba ya tare da ni."

"Jakarsa shuɗiya ce," in ji ta. "Takalminsa ɗaya har yau ba a gani ba. Ni na haife shi."

Dogo ya zube a ƙasa cikin ƙyallaye, ya kama bakin zanenta yana wani irin kuka marar sauti. Ta fizge zanen.

"Tashi. Ban auna hannu ba."

Ya tashi, ta auna hannu, ta nuna masa ƙofa.

Da yamma ta tarar da Fasto a ofishinsa. Da ya ji labarin, fara'ar ta gudu daga fuskarsa. Ya ce da ya sani ba zai turo shi ba, za a nemi wani tela. Sai ya gyara murya ya soma maganar gafara.

"Ɗana," ta katse shi, "wa'azin nan na ji shi tun ba a haife ka ba. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. In ka tsoma shi a ruwa, shi ke nan ya fito sabon mutum?"

"Haka muka gaskata, Mama."

"To ni a wane ruwa za ka tsoma ni?"

Fasto ya sunkuyar da kai. Ta ji daɗi da bai nemo amsa ba. Ta ce kada a kai wa kowa aikin, nata ne.

A gida ta gaya wa mijinta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun bayan jana'iza.

"Shi ya samu sabuwar rayuwa, ɗana yana ƙasa. In kika sa allura a rigar nan, ba ni ba ke."

"Baban yara, ba don shi zan yi ba."

"Don wa?"

Ba ta sani ba. Duk da haka washegari ta shimfiɗa farin yadi ta yanka. Tana taka keke tana faɗa da Allah a zuci: kai ka yafe masa, ba ka ko tambaye ni ba. Sau da dama ta yi niyyar ta yi masa ɗinkin banza, amma hannunta bai iya mugun aiki ba. Rigar ta fito fes, ta goge ta, ta ninke.

Ranar baftisma jama'a suka kewaye kwarmin siminti da ke bayan coci, mawaƙa na waƙa, mata na tafi. Aka riƙa kiran suna, mutum ya shiga ruwa ya fito yana sheƙi. Da aka kira Dogo, shiru. Aka sake kira. Rigarsa na kan benci a ninke. Wata daga cikin zumuntar mata ta matse hannun Mama Tela ta raɗa mata, "Gara haka, Allah ya raba ki da gani."

Ta ɗauka za ta ji sanyi. Amma ba ta ji ba. Ba ta jira addu'ar rufewa ba, ta ɗauki rigar ta nufi wurin wankin mota inda aka ce yana aiki.

Ta same shi a bayan tankin ruwa, zaune kan tsohuwar taya, kwalbar giya a tsakanin ƙafafunsa. Ya sha kusan rabi. Da ya gan ta ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya kasa.

"Mama, ban cancanta ba."

"Wa ya ce maka ka cancanta?" Muryarta ta tashi har masu wanki suka tsaya. "Ka kashe mini ɗa, yanzu kuma kana so ka ɗora mini kanka? Gobe a tsince ka a kwata a ce ni na kore ka daga gaban Allah? Kayan da ke kaina sun ishe ni."

Ta jefa masa rigar a cinya.

"Ban yafe maka ba. Na nema a zuciyata ban samu ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ƙofar can ba tawa ba ce da zan tsare."

Sannan ta faɗa masa sunan yaron, ta sa ya maimaita har sai da ya zauna a bakinsa. Ta juya ta tafi.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar mijinta ya ɗaure kayansa a buhu, zai koma wurin ƙaninsa. Ta roƙe shi ya tsaya ko addu'a su yi. Ya ce ta yi da wanda ta ɗinka wa riga. Ta raka shi da ido har ya sha kwana.

An yi wa Dogo baftisma a karo na gaba. Ta je, ta tsaya a baya, ba ta tafa ba. Yanzu kowace Lahadi yana zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ita tana inda ta saba, gefenta babu kowa. Ba sa gaisawa. Wani lokaci akan ce ya sake sha, wani lokaci a ce ya daina.

In ikkilisiya ta tashi tana addu'ar da Ubangiji ya koyar, Mama Tela na bi da ƙarfi har a kai wurin da ake maganar yafe wa waɗanda suka yi mana laifi. A nan takan rufe baki, ta bar muryoyin jama'a su ɗauki wurin su wuce da shi, sannan ta kama layi na gaba. Fasto ya lura, bai taɓa ce mata komai ba.