Gayya a Bakin Sakatariya

Sun iso kwanar sakatariyar Bebeji ke nan Sarkin Noma Ɗantani ya hango motar 'yan sanda an gitta ta a tsakiyar titi. Ya ɗaga karan masarar da ke hannunsa, na kusa da shi suka tsaya, na can baya da ba su ga komai ba suka ci gaba da turowa.

Dabarar karan masara tasa ce. Ɗansa Mujitaba, wanda ya yi difloma a fannin noma ya dawo gida yana acaɓa, ya kwana biyu shi da abokansa suna rubuta kwalaye: a daina bin umarnin IMF, Bankin Duniya ya sakar mana mara. Ɗantani bai taɓa ganin bankin nan ba, har ya tambaya ko yana da reshe a Kano. Mujitaba ya yi masa bayani cewa su ne ke matsa wa gwamnati ta janye tallafi ta saki naira, daga nan mai ya tashi, takin zamani ya bi bayansa.

"To na gane," in ji tsohon. "Su ba sa jin Hausa, mu ba ma rubutu. Kowa ya tumɓuko kara ɗaya a gonarsa, wanda ya fi yin rawaya. Wannan ko Bature ya gani ya san yunwa ce."

Abin da bai kawo a ransa ba shi ne fartanya. Watan Agusta ne, lokacin maimai, kuma manomi ba ya fita da safe kafaɗarsa wayam. Kowa ya yi lissafin da an miƙa takardar koke sai ya zarce gona. Shi kansa tasa na rataye, ya saba da ita kamar hularsa. Mutum wajen ɗari biyu daga Ƙofa da ƙauyukan kewaye, kowa da ƙarfe mai kaifi a kafaɗa, a makon da rediyo ba ta da labari sai na fashe-fashe da harbe-harbe a birni.

"Ku ajiye makamai!" in ji sufeton 'yan sanda ta lasifika.

Bayin Allah suka shiga waige-waige, suna neman mai makamin.

Mujitaba ne ya fara ganewa. Ya matsa gaba, kwali a sama, ƙirji a buɗe. "Kayan sana'armu ne, kuma ba za mu ajiye ba! Yunwar ba ta ishe mu ba sai an haɗa da wulaƙanci?"

Samari suka ɗauki ihu. Wani ya sunkuya ya ɗebi duwatsu. Ɗantani ya dubi layin 'yan sandan, ya ga wani matashi a ƙarshe, bai fi Mujitaba a haife ba, bakin bindigarsa na rawa, kuma daidai ƙirjin Mujitaba take kallo. Tsoro ya kama tsohon irin wanda bai taɓa ji ba. In ya ce a sauke fartanya, hannu ɗari biyu za su kai ga ƙota a lokaci guda, mai tsoro kuwa ba zai tsaya tambayar niyya ba. In ya ce a juya, samarin nan ba za su ji ba.

Sai idonsa ya faɗa kan gonar da ke gefen titi. Ya san ta. Ta Kaltume ce mai ƙosan bakin tasha, wadda mijinta ya rasu da faɗuwar ruwan fari. Ciyawa ta fi masarar tsayi.

Ya miƙa wa na kusa da shi karansa, ya taka a hankali, tafukansa a buɗe, har gaban sufeton.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya aiki?"

Sufeton ya sauke lasifika, don gaisuwar dattijo ba a amsa ta da ihu. "Lafiya lau, Baba. Ka ce wa mutanenka su..."

"Ina neman izini ɗaya. Zan nuna maka aikin makamin nan. Ni kaɗai."

Bai jira amsa ba. Ya juya wa bindigogi baya, ya tsallake kwalbati, ya tattare bakin rigarsa ya ɗaure a ƙugu. Sai da ya yi nisa cikin gonar sannan ya sauke fartanya, ya tofa yawu a tafi, ya duƙa. Shekararsa saba'in da 'yan kai, amma in ya kama kunyar gona sai ka rantse da igiya ake jan sa.

"Shitu!" ya kira, bai ɗago ba. "Gangar taka ado ce?"

Shitu makaɗi ya zo ne don ya raka waƙar zanga-zanga. Sai ya juya kiɗa zuwa na gayya, ya fara zuba wa Sarkin Noma kirari. To, akwai abin da manomin ƙasar nan zai iya jurewa, amma ban da ya tsaya a titi gangar noma na tashi, tsoho na cin kunya shi kaɗai. Dattawa suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ajiye karansa a bakin hanya ya tsallaka. Samari suka bi, don kada a ce tsofaffi sun fi su ƙashi. Mai duwatsun nan ma ya zubar ya karɓi aron fartanya.

Mujitaba ya rage shi kaɗai a titi. Ya zo bakin gona, idonsa jawur.

"Baba, zanga-zanga muka zo ko ƙwadago?"

"Ga kunya nan kusa da ni ba kowa. Kama."

"Sun tsorata mu ke nan."

"Ni dai na tsorata," in ji Ɗantani. "Kama, na ce."

Mujitaba ya kafa kwalinsa a kan iyakar gona, rubutun na kallon titi, ya kama. Sauran masu kwalaye suka jera nasu a gefensa.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga motar 'yan jarida daga Kano. Mai kyamara ya leƙo, ya ga mutane na noma, 'yan sanda sun rataye bindigogi suna musun layin da zai riga fita. Ya ce da direba babu komai a nan, suka yi gaba.

Kafin azahar gona ta yi fes. Sufeton da kansa ya raka Ɗantani da mutum uku suka miƙa takarda a ciki, aka tara karan masara a bakin ƙofa har tulin ya kai ƙugu. Da za su rabu ya zari ɗaya ya jujjuya shi.

"Masarar mahaifina a Doguwa haka take," ya ce, ya jefa karan a bayan motarsu.

Kaltume ta baro kaskonta da gudu da ta ji labari. Ta tsaya bakin gona tana sa albarka tana share hawaye da gefen mayafi. Yanzu da ciyawa ta kau, kowa na ganin yadda masarar ta yi rawaya tun daga tushe.

"Allah ya saka, Sarkin Noma," ta ce. "Saura taki."

"Shi muka zo nema, Kaltume."

A hanyar komawa Mujitaba na tafe yana duba tafukansa da suka yi kanta.

"Masu kyamara sun wuce, Baba. Ba wanda zai ji labarinmu."

"Waɗanda aka ji labarinsu shekaranjiya, yau ake musu sadakar uku."

Suka ci gaba da tafiya har suka wuce gidan mai. Sannan Mujitaba ya ce, "Ranar kasuwa za mu dawo."

"Za mu dawo," in ji Ɗantani. "Ka bi gida-gida ka faɗa, kowa ya bar fartanya a ɗaka."

Ya gyara wa tasa zama a kafaɗa, ya rage sauri don kafaɗarsa ta riƙa gogar ta ɗansa.