Dutsen Gamawa

A Rigasa, in aka ambaci Sabo Wanzami, abu biyu mutane ke faɗa. Mata sukan ce tun da yake aski bai taɓa fitar da jini a kan jariri ba, wai yaro yakan yi barci a hannunsa har a gama. Maza kuwa sukan ce mutumin kirki ne, amma kada ka kuskura ka taɓa zabirarsa, jakar fatar nan da yake zuba kayan aikinsa. Wani maƙwabci ya taɓa ture ta da ƙafa don ya shimfiɗa tabarma, Sabo bai sake amsa gaisuwarsa ba sai da azumi ya zagayo. Matarsa Uwani ta san duka biyun gaskiya ne, shi ya sa ko shara take yi sai ta kewaye kusurwar da zabirar take.

'Yarsu Halima ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, namiji. Ranar da za a dafa wa mai jego ƙauri, an kawo ƙafafun saniya, Sabo ya tafi Rigachikun yi wa wani tsoho ƙaho, wuƙar gidan kuma ta dakushe, ko fata ba ta kamawa. Uwani ta duba ko'ina ba ta ga abin washi ba. Sai ta ga zabirar a rataye, don ƙahonni da aska ɗaya kawai Sabo ya ɗauka. Ta ce a ranta, sau biyu zan goga in mayar.

Duwatsu biyu ne a ciki. Ta zaro wanda aka naɗe a tsumma, siriri, mai ruwan toka da ɗan kore-kore, tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa. Hannunta da maiƙo. Bai ko taɓa wuƙar ba ya suɓuce, ya faɗi a kan siminti, ya rabe biyu.

Ta daɗe a tsugune tana haɗa ɓarin biyu, kamar za su kama juna. Dutsen mahaifin Sabo ne, kuma da shi yake gama kowace aska kafin ta hau kan mutum. Ta ce wa Halima za ta sayo kayan yaji, ta saka hijabi ta nufi rumfar Ɗanasabe maƙeri, wanda ke sayar da wuƙaƙe da duwatsun washi a bakin kasuwa.

Ɗanasabe ya juya ɓarin a hannunsa, ya ɗiga masa ruwa, ya murza da babban yatsa. Ruwan ya tsaya a kai, ya yi fari-fari kamar wankin shinkafa.

"Hajiya, wannan ai ba na wuƙa ba ne. Na wanzamai ne, na gamawa. Ina kika samo shi?"

"Kana da irinsa?"

"Mai kalarsa dai akwai." Ya ɗauko wani daga cikin kwando, ya ɗiga masa ruwa, nan take ya shanye. "Kin gani? Wannan mashayi ne. Sa harshenki a nan, sannan ki sa a naki."

Ta waiga ko akwai mai kallo, ta ɗage hijabi ta lasa. Nata sumul, da sanyi kamar bayan faranti. Na Ɗanasabe kuwa ya ɗan kama harshe, da ƙaiƙayin yashi a ciki.

"Nawa na fitar da bakin wuƙa ne," in ji shi. "Yakan bar wa ƙarfe 'yan haƙora da ido ba ya gani. A nama, daidai ne. A fata kuwa sai an bi da irin naki ya share su. In aska za a wasa, ki gaya wa mai ita."

"Wuƙa ce," in ji Uwani.

Ta saya. A bayan ɗaki ta goge kusurwoyinsa a ƙasa, ta shafa masa toka da ɗan man gyaɗa har ya yi duhu, ta naɗe shi a tsumman ta mayar. Ɓarin biyu ta ƙulle a bakin zane. Ta san ba za ta tsira ba, mutum da dutsensa tun ƙuruciya. So take kawai a wuce suna kafin gidan ya kama da wuta.

Washegari da hantsi Sabo ya zauna a tsakar gida da kofin ruwa, ya warware tsumman. Uwani tana tankaɗe, hannunta ya tsaya. Ya jiƙa dutsen, ya fara kai aska yana kawowa. Daga inda take tana jin ƙarar, wani siririn ƙarce-ƙarce wanda tsohon dutsen bai taɓa yi ba. Ta jira ya ɗago kai. Bai ɗago ba. Ya ƙara ruwa, ya sake ƙarawa, ya gama, ya goga askar a guntun fata, ya naɗe kayansa yana 'yar waƙarsa.

Sai a lokacin tsoron gaske ya shige ta. Ta tuna yadda kwanan nan yake kasa saka maɓallin riga, yadda yake riƙe kofin shayi mai zafi bai ji ba, yadda ake kiransa daga zaure sai an maimaita. Ciwon suga ya cinye masa jin yatsu, kunnen ma ya yi nauyi, kuma bai gaya wa kowa ba. Sabo bai san an canza masa dutse ba.

Ana gobe suna, Nuraddeen mai shagon kusa ya zo aski a zaure. Uwani ta tsaya a bayan ƙofa da tsintsiya.

"Baba, yau askarka cizo take yi fa."

"Kanka ne ya yi tauri, ɗan nema. Tunanin riba ya busar maka da fata."

"Allah kuwa, ji nake kamar ana tsige ni."

"To biya kuɗin tsiga."

Suka yi dariya. Da Nuraddeen zai fita, ta leƙa ta ga ƙeyarsa da ɗige-ɗigen ja, yana shafawa da hula. Ƙeyar ƙato ke nan. Ta koma ɗakin Halima ta tarar da jaririn yana barci, gashinsa kwance luf, maɗigarsa tana bugawa a hankali a ƙarƙashin fata mai laushi kamar ta dafaffen ƙwai. Ta buɗe baki za ta gaya wa Halima, ta fasa. Ta kai wa Sabo tuwo, ta tsaya a kansa har ya ce, "Lafiya?" Ta ce gishiri take tambaya ko ya ji.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yaro suna a masallaci, mata suka cika tsakar gida. Rabi, yayar Sabo, ita ce ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, aka ɗora mata jaririn. Sabo ya shigo da zabirarsa ya durƙusa.

"Kawo shi nan, wannan da ya zo ƙwace mini mata. Yau zan ga ƙarshen kwalliyarsa."

"Uwani, zo ki tsaya wa angonki," in ji Rabi, "kada tsohon nan ya huce kishi a kansa."

Mata suka yi dariya. Uwani ta matso. Sabo ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi da sabulu, ya buɗe askar, ya yi bisimilla, ya tallafe ƙeyar da hannun hagu.

Uwani ta durƙusa ta riƙe wa Sabo wuyan hannu.

Dariyar ta ɗauke. Da ɗaya hannun ta kwance bakin zanenta, ta ajiye ɓarin biyu a kan tabarma, a gaban gwiwarsa.

Sabo ya dube su. Ya ajiye askar a hankali, ya warware tsumman, ya fito da dutsen da ke ciki. Ya murza shi da yatsa, ya murza ɓarin, sai ta ga fuskarsa ta canza, don yatsan bai gaya masa komai ba. Ya kai dutsen bakinsa ya lasa, ya lasa ɓarin. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ja askar a kan gashin damtsensa. Gashin ya tsige, jini ya tsattsafo a layi.

"Mene ne, Sabo?" in ji Rabi.

"Ba komai, Yaya. Rufe masa kai kada sanyi ya kama shi."

Ya ɗauki babban ɓarin, ya kwantar da shi a tafin hannu, ya ɗiga ruwa. Wurin ya yi gajere, dole ya riƙa jan askar kaɗan-kaɗan. Ba ƙara ko kaɗan. Ruwan ya yi fari, ya koma toka-toka. Ya daɗe yana yi, wata ta ja 'yarta ta fita da ita. Da ya gama ya goga a fata, sai ya miƙa wa Uwani askar, abin da bai taɓa yi ba.

"Gwada a hannunki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ki gaya mini abin da kika ji."

Ta ɗora a bayan hannunta, ta ja. Gashin ya zube, ba ta ji komai ba sai sanyin ƙarfe.

"Ba ta cizo."

Ya karɓa. Ya sake jiƙa kan yaron, ya fara daga goshi. Uwani ta bi bakin askar da ido, ta ga ta nufi maɗiga, ta ratsa ta gefe, ta sauka bayan kunne. Yaron ya yamutsa fuska, ya yi hamma. Rabi tana tara gashin a ƙoƙo. Da aka shafe kan da tsumma mai ɗumi, ya fito fes, ba ko ɗigo.

Sabo ya wanke askar, ya fara mayar da kaya cikin zabira, bai dubi Uwani ba. Mata suka soma motsi, wata ta ɗauki tire. Uwani tana nan a durƙushe, ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji.

"Malam, ni na shiga zabirarka. Ni na fasa dutsen babanka, ni na sa wancan a wurinsa, na kuma yi shiru ina kallo. Don Allah ka yafe mini."