Firintar Sagiru da Lambar da Na Raba wa Matan Unguwa

Daren jiya, ni Tabawa, na yi wani mafarki da har yanzu in na tuna sai in riƙe baki.

Ga abin da ya jawo shi. Ɗana Sagiru yana da na'urar buga takarda, firinta yake ce mata, irin wadda ba a saka mata igiya, ta iska take karɓar saƙo daga akwatin waifai da ke kan talabijin. Kwana uku ke nan tana yi masa tsiya, ta kama ta saki, ta kama ta saki. Takardar tafiyata Umara kuwa tana cikin wayarsa, jibi za mu tashi, shi kuma ya kafe ba zai kai shago ba alhali yana da tasa.

To, sai ga ni a tsakar gidanmu da hantsi. Rijiya ta koma saman rufi, ana jefa guga sama. Jirgin Umara yana ƙofar gida, ya naɗe fukafukansa don kada ya tare wa masu adaidaita hanya. Direbar wata zabuwa ce da hula. Ta ce takardata kawai suke jira, da an kira la'asar za su tashi, da ni ko babu ni.

Firinta tana zaune a tabarma, ta ɗaura zani, ta juya wa akwatin waifai baya. Na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki.

Mai gyara kadangare ne, Injiniya Barau. Ya sauko daga katanga da jakarsa, komai aka faɗa sai ya gyaɗa kai. Ya ce a kashe ta a kunna. Muka kashe ta, muka yi mata zaman makoki na minti ɗaya, har da raba waina. Da muka kunna ta tashi tana tambayar ina nata rabon. Fitilarta ta yi shuɗi, ta kama! Na rangaɗa guɗa. Kafin guɗar ta ƙare ta saki.

Injiniya ya ce to a matso da su kusa da juna. Na goya ta, na kai ta gaban akwatin, ina jijjiga ta. Daga bayana ta ce, “Hajiya, ni ba nisa ne ya dame ni ba. Ɗaga kanki ki gani.”

Ashe waifai igiyar shanya ce, ta tashi daga akwatin ta miƙe har cikin gajimare. Matan unguwarmu kaf suna zaune a kai, suna lilo da ƙafa, kowace da wayarta. Ga Ladidi mai kitso, ga matar mai unguwa, ga Talatu da 'ya'yanta mata shida. Duk sanda firinta ta lallaɓa ta hau, sai wata ta gyara zama, ita kuma ta faɗo tim.

Injiniya ya tambayi wanda ya ba su lambar sirri. Na kalli rijiya.

Gaskiyar magana, Sagiru ya rubuta lambar a bayan kalanda. Ni boko bai zauna min ba, amma kwafar lamba ba ta gagare ni. Ladidi na fara ba wa, ranar da ta faɗa min dalilin da ya sa tela ya rufe shago sati biyu. Daga nan duk wadda ta kawo labari mai daɗi sai ta tafi da lamba. Da bakina na faɗi haka, Injiniya yana gyaɗa kai, firinta tana tsaki.

Sai ya zaro sabuwar lamba daga jaka, ƙarama kamar alewa, ya saka min a baki. “Ki riƙe ta har takarda ta gama fita,” in ji shi. “In lambar ta fito daga bakinki kafin nan, jirgi ya tafi.”

Nan take mata suka riƙa zubowa daga kan igiya kamar nunannun mangwaro. Firinta ta haye igiya ita kaɗai, ta miƙe ƙafa, ta fara aiki. Ga takarda tana fitowa da hotona, ɗankwali tukuna, sai goshi, sai ido. Idon takardar ya ƙifta min. Zabuwa ta tayar da jirgi, ni kuma ina ta tsalle baki a rufe.

Ladidi ta karkaɗe zaninta ta matso kunnena. Ta ce ta gano mai aika wa bazawarar gidan da ke kan kwanar layinmu soyayyar kaza duk Juma'a. Wata huɗu ina bin labarin nan.

“Ƙawata, ba ni rabin lambar, in ba ki rabin sunan,” in ji ta.

Na damƙe leɓena da hannu biyu. Kunnena ya yi ta girma har ya taɓa ƙasa. Ta ce to ga somin-taɓi kyauta: Alhaji ne. Alhazai goma sha ɗaya gare mu a layin nan. Lambar ta yi zafi a bakina kamar dankalin da aka tsamo yanzu. Takarda ta kai haɓa, ladan yana gyaran murya, jirgi yana karkaɗa fukafukai. Na ce a raina rabi ai ba duka ba ne. Na buɗe baki.

Ƙirrr, ƙirrr, ƙirrr.

Na farka. Gari ya waye, ƙarar daga falo take. Sagiru ya leƙo da takardata a hannu, da ɗuminta. Ya ce ya canja lamba, wayoyi ashirin da uku ya tarar a kan waifai ɗin gidan nan, ko na san yadda aka yi? Na ce duniya ce ta lalace. Na tambaye shi sabuwar, don kada ya manta. Ya ce tana nan a kansa, bai rubuta ba.

Muna cikin haka muka ji sallama. Ladidi ce, da wayarta a hannu.