Ƙugun Wandon Baba

Tun da suka iso asibiti Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta miƙe daga benci, ta leƙa ƙofar likitar abinci, ta dawo, ta sake miƙewa. Yayansu ya riga ya yanke magana: in aka ce Baba ramewa yake yi, to zamansa shi kaɗai a ɗakin bayan shagon ɗinki ya ƙare, gidansa zai mayar da shi. Shi kuwa Baba ya ce sai dai a fitar da shi a kwance.

"Ke, zauna mana," in ji Baba. "Sai ka ce ke za a ɗora a sikeli."

Da aka kira su, likitar ta gaishe shi, ta soma tambayoyin da take yi wa kowane tsoho. Yana cin abinci? Yana ci. Tauna fa? Lafiya lau. Ta auna nauyinsa, amma ba ta da na baya da za ta gwada da shi, don bai taɓa zuwa ba. Ta zagaya masa tef a damtse.

"Ki ɗan sassauta, 'yata. Ni in na matse mutum haka ba ya dawowa shagona."

Likitar ta yi dariya. "Baba, kayanka sun yi maka yawa kwanan nan?"

Ya ɗaga riga, ya ja ƙugun wandon. Cif-cif.

"Damtsen dai yana bakin iyaka," in ji likitar. "Amma tunda kaya ba su saki ba, wataƙila haka jikinsa yake."

Ya sunkuya zai sa takalmi, sai Auta ta ga bayan wandon. Sabon ɗinki ne, layi a kan layi, da farin zare a jikin baƙin yadi. Ashe ƙarar keken ɗinkin da take ji duk ranar da ta kai masa abinci ke nan, shi da ya daɗe da daina karɓar aiki.

In ta yi shiru, su koma yadda suke, ya ci gaba da rage wando har ya rasa abin ragewa. Ta murza bakin mayafinta, ta saki, ta sake murzawa.

"Likita," ta ce a hankali, "shi yake rage su."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Baba.

Likitar ta ajiye biro, ta jawo kujera kusa da shi. Sai da ta lallaɓa shi kafin ya buɗe baki. Dasashin duk ya kumbura, ya jima ba ya iya tauna komai.

A hanyar fita bai kula Auta ba, hannunta ma ya ƙi riƙewa. Wayarta ta hau ruri a jaka. Yaya ne. Ta tsaya tana kallonta.

"Ɗauka mana," in ji Baba, yana duban titi. "Ki ce masa ya zo da mota babba. Ba inda za ni ba keken ɗinkina."