Amfilin Inuwa Ya Shaƙe

Wana Inuwa ya dawo daga soja da abu biyu, gita da baƙar zuciya. Gitar tana da akwatinta da yake kira amfili, mai kwalabe a ciki da suke yin ja kamar garwashi in an ba su wuta. Wutar kuwa a duk Magariya sai injin kantin gyaɗa, nan yake jan waya.

Mu gidan makaɗa ne tun kaka da kakanni. Ranar da Inuwa ya ce shi ya bar ganga, Baba bai yi faɗa ba, daina kallon akwatin kawai ya yi. Mutari, ɗan ƙanen Baba, shi ya gaji kiɗan gidan, kuma ba ya gajiya da tsokanar Inuwa.

Ana gab da rawar ma'aikata ta ranar Asabar, wadda aka ce Inuwa ne zai kaɗa, sai akwatin ya shaƙe. Da can in ya taɓa tsirkiya har bakin kasuwa ana ji. Yanzu ya murɗa maɓalli har ƙarshe, abin da ke fita bai fi kukan sauro ba. In ya kunyata ranar Asabar, garin nan kaf zai ce dama an faɗa masa.

Ni Kande na sha wuya a kwanakin nan, don ni ce mai riƙe waya. Ya sake wayar gita, shiru. Ya zagi mai injin kanti wai wutarsa ba ta da ƙarfi, mutumin ya nuna masa fitilu suna ci tangaran. Ya zare kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙafafunsu, ya mayar. Ya hau motar gyaɗa har Damagaram ya samo sabuwar kwalba wajen mai gyaran rediyo. Ya sa ta, ta yi ja, murya tana nan yadda take.

Da dabara ta ƙare sai ya koma kan Mutari. Ya tare shi a ƙofar gida, gaban mutane, ya ce shi ya ɗaure wa akwatin baki da asiri. Mutari ya yi dariya ya ce, "Yaya, in da ina da wannan asirin ai bakinka zan fara ɗaurewa." Inuwa ya kwaɗa masa mari. Na ji haushi har na jefar da wayar, na ce ya nemi wata baiwar.

Da hantsin Jumma'a ya zauna tsakar gida ya ɓamɓare ƙyallen da ke gaban akwatin, wurin da bai taɓa dubawa ba. A bayansa akwai baƙar takarda mai faɗin faifai, ita ce ke karkarwa ta ba da murya. Takardar ta jiƙe sharkaf da mai, ta yi laushi, kuma a tsakiyarta an liƙa curin danƙo, irin wanda ake liƙa wa fatar ganga.

Inuwa ya miƙe ya ɗaga murya. "Ku fito ku gani! Aikin makaɗi ne wannan, ko ba haka ba? Hannun da ya taɓa mini kaya, Allah ya shanye shi! Allah ya sa kar ya ƙara riƙe makaɗi!"

Baba yana ƙarƙashin rumfa yana jan tsirkiyar wata tsohuwar ganga. Ya ajiye ta a hankali.

"Hannuna ne," ya ce.

Inuwa ya juyo ya dube shi, Baba ya ci gaba.

"Da ka kaɗa ran nan na ji fatar gangar nan taka ta wuta tana karce, ta bushe. Na buɗe ta baya na shafa mata man shanu, na sa mata danƙo don muryar ta zauna. Na ce tunda ɗana ya dage, to ta zama 'yar gida. Ba a barin ganga da ƙishi a gidan nan."

Inuwa ya tako har ƙarƙashin rumfar. Ya durƙusa yana cewa, "Baba, ban sani ba," kamar wannan zai kwashe abin da ya zuba.

Baba ya ɗaga hannunsa na dama, ya juya shi yana kallo. Sannan ya kira ni.

"Kande, kai wa Mutari gangar nan ya ƙarasa ɗaurin," ya ce. "Ni an sallame ni."