Maɓallin da Aka Ɗinka a Baibai

Ranar da maɗaurin hular kwanon mijinta ya tsinke, Tela ba ta tsaya jin ta bakinsa ba. Haya yake yi da babur, kuma in da son ransa ne sai ya kifa hular a ka kamar murfin tukunya ya kama hanya. Ta ciro maɓallin wata tsohuwar jaka ta ɗinka da zare ninki huɗu. Garin sauri kuwa ta ɗinka shi a baibai, ba ya buɗuwa sai an zura yatsa ta ƙarƙashin haɓa an danna ta ciki.

"Sannu gwanar ɗinki," haka yake tsokanarta kullum. "Kin kulle min kai kamar akwati."

"Eh ɗin, Maigida. Kan nake tsaro."

Wata safiya tana cikin yanka yadi aka kira ta: mota ta kwashe shi a mararraba. Da abin awo a wuya ta isa asibiti.

Ta same shi a miƙe, an tallafe wuyan, ƙafar dama a karye. Likita ta ce ƙashin wuya ya tsage, in har jijiyar ciki ta taɓu, shi da tafiya sai dai ya ga ana yi. Tsoro ya kama Tela irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Wani abokin sana'arsa ya matso yana murza hannu. "Wallahi matar Yaya, mun yi iya yinmu. Mu huɗu muka taru mu cire masa hular ya sha iska, maɓallin nan ya ce bai san zance ba. Wai wane mugun ne ya ɗinka shi?"

Likita ta juyo ta galla masa harara. "Ku gode wa mugun. Da kun fizge hular, da kun ƙarasa wuyan." Ta yaye mayafin ƙafar mijin. "Malam, motsa min babban yatsa."

Tela ta damƙi ƙarfen gado. Yatsan bai motsa ba. Can sai babban yatsan hagu, duk ƙurar titi a jikinsa, ya ɗan lanƙwashe. Ya sake.

"Alhamdu lillahi!" Kuka ya ƙwace mata.

Da ƙyar mijin ya motsa baki. "Tela."

"Na'am, ga ni."

"In an sayo sabuwar hula, a baibai za ki ɗinka."