Ƙunshin Bayan Ƙofa

Ranar da Mas'uda ta tare a sabon gidanta na Goronyo, ko amarya sai ta shafa mata lafiya wajen rawar kai. Amalanken da ya kwaso kayansu bai gama tsayawa ba ta diro da turmi a ka, bakinta ya ƙi rufuwa. Ɗaki biyu ne da 'yar rumfa, katangar ma ba a gama yaɓe ta ba, amma mijinta Mode ne ya gina da gumin noman albasa, kuma babu mai ce mata ta janye tukunyarta daga murhu. Shekara biyu ke nan suna raɓe a gidan dangi, tun da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu na gefen Shinaka. Zaman raɓe kuwa, ko tari za ka yi sai ka dubi fuskar masu gida.

Kaltume maƙwabciya ta shigo da guɗa da ƙwaryar fura, ta ɗaura ɗamara aka shiga kwance kaya. Sai dai babbar ma'aikaciya a ranar ita ce Rumaisa, 'yar Mas'uda mai shekara biyar. Ta kifa kwando a ka, ta zuba cokula cikin buta, muciya kuwa sai a ƙarƙashin katifa aka gano ta.

"Inna, wanga ɗaki namu na?"

"Namu na."

"Wancan hwa?"

"Shi ma."

"Har da ƙadangaren can?"

"Har da shi, in shina son zama da mu."

Yarinyar ta ruga ta gaya wa ƙadangare. Duk wannan tsalle-tsalle da hannu ɗaya take yin sa, domin ɗayan yana matse da wani ɗan ƙunshi a hammata. Mas'uda ta san ƙunshin sarai, ita ta ɗaure shi. Daren da suka gudo ba su fito da ko tsinke ba, shi ya sa da suka ɗan farfaɗo ta ƙulle wa yarinyar riga da kofi a ɗan zane, ta ce ko da an ce a gudu, wannan za ta ɗauka. Rumaisa ta riƙe maganar fiye da yadda aka so. Da shi take kwana, da shi take zuwa bayi. Abin yana cin Mas'uda a rai ƙwarai, kuma tun a hanya ta ƙudura cewa ƙunshin nan ba zai kwana a ɗaure cikin gidanta ba.

Ta fara da lallami. "Kawo in aje miki cikin akwati, ɗiyata." Aka maƙe kafaɗa. Kaltume ta ciro alewa daga haɓar zane, Rumaisa ta karɓe alewar ta ƙara matse kayanta. Mas'uda ta ɗan hasala.

"Ke wai mi kike tsoro? Ga gida, ga ƙohwa, ga babanki can shina ɗamra igiyar shanya."

"In sunka zo hwa?"

"Ba su zuwa nan."

Rumaisa ta dube ta, ta nuna da yatsa. "To don mi naki shike bayan ƙohwa?"

Mas'uda ta waiwaya. Ga shi nan kuwa, nata ƙunshin, a daidai inda hannu zai kai cikin sauri. Ita ta ajiye shi da ta shigo, ba ta ma san ta yi ba. Kunya ta kama ta, tausayin kanta da na 'yarta suka taso mata. Ashe yarinyar hannunta take kallo, ba bakinta take saurare ba. Kuma gaskiya ita ma ba ta da tabbacin gobe, wannan sai Allah. Abin da ta sani shi ne ta gaji da zama da ƙafa ɗaya a waje.

Ta jawo ƙunshin tsakar gida. Ƙullin ya ci, sai da ta sa haƙori. Tocila ta hau taga, kayan sawa suka shiga akwati, ƙuli-ƙulin da ya koma dutse aka watsa wa kajin Kaltume. Sannan ta ɗauki zanen ta dulmiya shi cikin bokitin ruwa.

"Inna!" Rumaisa ta zaro ido. "Ya jiƙe! Da mi za mu ɗamre kaya?"

"Ba mu ɗamrewa. Mun iso."

Yarinyar ta yi tsaye tana duban bokitin, tana duban uwarta. Can sai ta durƙusa ta miƙo nata. Da aka kwance, aka ɗaga rigar, Kaltume ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, domin ko kan Rumaisa ba zai shiga wuyan rigar ba yanzu. Mas'uda ma dariyar take yi, hawaye na bin kumatunta.

Rumaisa ta tsoma ɗan zanenta da kanta, ta matse iya ƙarfinta, ta ruga wurin igiya tana ɗiga ruwa.

"Baba, ɗaga ni in shanya kusa da na Inna!"

Mode ya ɗaga ta.